Ginin Kwalejin Gordon na Hartum: Sharhi a kan Yadda Ake Ba da Tarihinsa

Gabatarwa

A bakin Shuɗin Nilu, a tsakiyar birnin Hartum na ƙasar Sudan, akwai wani dogon gini na jan tubali mai hawa biyu, da barandodi masu baka jere da juna. Shi ne tsohon ginin Kwalejin Tunawa da Gordon, wanda daga baya ya zama zuciyar Jami'ar Hartum. A cikinsa ne aka buɗe ɗakunan binciken kimiyya na Wellcome a shekarar 1903, waɗanda suka yi suna a duniya wajen nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi.

Turawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan gini, kuma kusan duk ruwayarsu iri ɗaya ce. Suna cewa gari ne da yaƙi ya rusa, cuta ta yi masa katutu, sai wani attajiri mai tausayi ya ba da kuɗi, wani likita haziƙi ya zo ya kori sauro, daga nan ilmin zamani ya kafu a Sudan. Manufata a wannan maƙala ita ce in ɗora wannan ruwaya a kan ma'auni, in nuna inda ta yi gaskiya da inda ta yi shiru. Ma'aunin da zan yi amfani da shi kuwa ɗaya ne: gidan ilmi ana auna shi da magadan da ya bari. Na zaɓi wannan gini ne domin tarihin makarantunmu na Kano ya ratsa ta cikinsa, kamar yadda mai karatu zai gani a gaba.

Asalin Ginin

Ruwayar Turawa takan fara ne daga tara kuɗi a Ingila, amma asalin maganar yaƙi ne. A ranar 26 ga Janairu, 1885, dakarun Mahadi Muhammadu Ahmad suka ci Hartum, aka kashe Janar Charles Gordon. Mutanen Ingila suka riƙe abin a zuciya har shekara 13. A ranar 2 ga Satumba, 1898, Kitchener ya gamu da rundunar Halifa Abdullahi a Karari, arewa da Umdurman. A yini guda aka kashe mabiya Mahadi wajen 10,000, alhali waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Bindiga mai ruwa ce ta yi wannan aiki.

Wata uku bai cika ba Kitchener ya yi kira ga mutanen Ingila su tara fam 100,000 domin a gina makaranta a Hartum da sunan Gordon. Cikin ɗan lokaci aka samu fiye da abin da ya nema. Mai zanen gine-gine na fadar Masar, Fabricius Pasha, shi ya zana fasalin ginin. An yi aikin daga 1899 zuwa 1902, Kitchener da kansa ya buɗe shi a ranar 8 ga Nuwamba, 1902.

Ya kamata mai karatu ya lura da cewa sunan kwaleji ya girmi abin da ke ciki. Da makarantar firamare aka fara, sai sashen koyon sana'a, da na horar da malaman makaranta da alƙalai. Shugabanta na farko, James Currie, wanda kuma shi ne Daraktan Ilmi na Sudan daga 1900 zuwa 1914, bai ɓoye manufarsa ba. Yana son a samar da masu sana'ar hannu, a ba talakawa ɗan ilmin da zai sa su fahimci tsarin gwamnati, sa'annan a horar da 'yan ƙasa kaɗan waɗanda za su riƙe ƙananan muƙamai. Dalili kuwa shi ne akawunan da ake ɗaukowa daga Masar da Sham suna da tsada, kuma Turawa ba su amince da Misirawa ba. Saboda haka tun daga tushe an gina wannan katafaren gida ne domin fitar da akawu da safiyo da ƙaramin alƙali.

Ɗakunan Bincike na Wellcome

Henry Wellcome haifaffen Amurka ne da ya zauna a Ingila, ya yi arziki da kamfanin haɗa magunguna na Burroughs Wellcome. Ya ziyarci Sudan bayan yaƙin, ya ga halin da mutane ke ciki na yunwa da cuta, sai ya yi alkawarin ba da kayan aikin ɗakunan bincike, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin albashi da gudanarwa. Aka ware wa aikin ɗakuna a saman bene, a ɓangaren gabas na ginin kwalejin, aka kuma sanya shi a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi. Wanda aka zaɓa ya shugabance shi wani matashin likita ne ɗan Sukotlan, Andrew Balfour, wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba.

Yabon gwani ya zama dole. A shekarar 1897 ne Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, saboda haka ilmin sabo ne fil lokacin da Balfour ya isa Hartum. Bai tsaya ga rubutu ba. Ya kafa rundunar yaƙi da sauro, irin aikin da muka sani a nan da dubagari. Suna bin rijiyoyi da randuna da kududdufai da gindin jiragen ruwa, inda duk suka ga tsutsar sauro su zuba mai a kan ruwan, ko su sa a cike ramin. Da aka ƙara masa muƙamin jami'in lafiya na birnin, sai ya sa hannu a kan ruwan sha da kwashe bahaya. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai a Hartum, kuma babu mai musun wannan.

Aikin bai tsaya ga sauro ba. William Beam, masanin sinadarai daga Amurka, ya yi shekaru yana gwada ruwan Nilu da ƙasar noma da ƙaro, wanda shi ne babban abin da Sudan ke fitarwa waje a wancan zamani. Harold King ya yi nazarin ƙwarin da ke ɓarna ga dawa da auduga da dabbobi. A shekarar 1907 Wellcome ya ba da wani ɗakin bincike da aka gina a kan jirgin ruwa, ana janye da shi har can kudu ta Farin Nilu, domin a duba jinin mutane da na dabbobi nan take, kafin zafi ya ɓata shi. Masanin ƙwayoyin cuta C. M. Wenyon ya yi aiki a cikinsa. Aikin yana da haɗari na gaske, domin Alexander Pirie, wanda ya yi rangadin nazarin ƙabilu, ya kamu da kala-azar, cutar nan mai kumbura saifa, ya mutu a 1907 yana saurayi. A 1908 kuma gobara ta tashi a ɗakunan binciken ta cinye kayan aiki da samfura da takardu masu yawa, Wellcome ya sake sayen sababbi.

Sakamakon wannan aiki yana cikin manyan rahotanni huɗu da aka buga a 1904 da 1906 da 1908 da 1911, na ƙarshen ma juzu'i biyu ne. Littattafai ne masu kauri, da hotuna da zane-zane masu launi, an kuma rarraba su ga masana a ƙasashe da yawa. Su ne tushen kusan duk abin da aka rubuta daga baya, kuma a kansu sharhina ya dogara.

Wanda Ya Rubuta Rahoto

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san yadda rahoton shekara yake. Na yi shekaru ina shirya irinsa kafin in yi ritaya. Shugaban ma'aikata ne ke sa hannu, kuma ana rubutawa ne domin idon mai ba da kuɗi. Ba lalle ne a yi ƙarya a ciki ba, amma ana zaɓen abin da za a faɗa. Rahotannin Wellcome ba su kuɓuta daga wannan hali ba. Darakta ne ke tsara su, mai kamfanin magunguna ne ya ɗauki nauyin kayan aikin, kuma kowane juzu'i yana ɗaukaka sunan Wellcome da na gwamnatin Sudan a idon duniya. Kuskuren marubutan baya shi ne sun ɗauki rahoton ma'aikata a matsayin tarihi kammalalle.

Misali na farko shi ne maganar da ake yawan maimaitawa cewa Balfour ya rage mace-macen zazzaɓi da kashi 90 cikin 100. Ko da mun karɓi adadin, tambayar ita ce, a ina? Hartum ta wancan lokaci sabon gari ne da Kitchener ya sake shatawa domin ofisoshin gwamnati da barikin soja da gidajen Turawa da na 'yan kasuwa baƙi. Mafi yawan 'yan ƙasa suna tsallaken kogi a Umdurman, leburori kuma an tura su unguwannin bayan gari. Ƙarfin aikin tsabta a kan Hartum aka zuba shi. Wanda ya san bambancin Nasarawa da cikin birni a zamanin Turawa ba ya bukatar dogon bayani. Idan aka ce an tsabtace Hartum, kada ɗalibi ya ji kamar an ce an tsabtace Sudan.

Misali na biyu shi ne sunaye. Wa ya riƙa leƙa rijiyoyi da rana tsaka? Wa ya kamo ƙudan tsando da kaska da kunamu da macizai da suka cika kwalaben ɗakin adana samfura? Wa ya tuƙa jirgin, wa ya yi tafinta tsakanin likita da majinyaci a ƙasar Shilluk da Dinka? Sudanawa ne. Suna fitowa a cikin hotuna, a tsaye a gefe, amma sunan da ke kan muƙala na Bature ne, har ƙwarin da aka gano ma da sunayen Turawa aka laƙaba wa da yawa daga cikinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai togaciya ɗaya da ta cancanci ambato: a rahoto na uku an buga bayanin wani likita Bamisire, Hassan Zaki, a kan yadda ake magani a zamanin Mahadiyya, domin ya zauna cikinsu. Amma a cikin juzu'in nan dai akwai awon kawunan mutanen kudu da tsayinsu, ana jera su kamar yadda ake jera nau'in ƙwari. Ɗan ƙasa a waɗannan littattafai abin nazari ne, da wuya ka same shi a matsayin mai nazari.

Misali na uku ya shafi wanda aka yi aikin dominsa. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, domin masaƙun Lankasha. Gwajin ƙasa da binciken cututtukan auduga da aka yi a ɗakunan Wellcome sun taimaka wa wannan shiri ƙwarai. Sai dai magudanan ruwan da aka haƙa sun zama matattarar sauro da ta katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. Ruwayar yabo takan kawo nasarar Hartum a babi na farko, ta wuce ta kan cutar Jazira da sauri.

Rufi Ɗaya, Gida Biyu

Babban abin da nake tuhumar ruwayar da shi bai kai ga waɗannan ba tukuna. Shi ne ba ta tambayi abin da ya fi sauƙin tambaya ba. Ga ɗakin bincike na sahun gaba a duniya, ga makaranta da ta tara haziƙan yaran ƙasa, a ƙarƙashin rufi ɗaya, a ƙarƙashin ma'aikata ɗaya, shugaban wannan yana kai rahoto ga shugaban waccan. Yaro nawa ne ya tashi daga aji ya zama mai bincike?

Amsar tana cikin jerin shugabanni. Balfour ya riƙe wurin har 1913, ya koma Landan, inda daga baya ya zama daraktan farko na babbar makarantar kiwon lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Albert Chalmers ya gaje shi har 1920, sai Robert Archibald. Manyan masu binciken duk daga Turai da Amurka suke. Shekara 21 aka yi, daga 1903 zuwa 1924, kafin a buɗe makarantar koyon likitanci ta Kitchener, wadda ta yaye rukunin farko na likitoci 7 a 1928. Sassan ilmi mai zurfi na noma da dabbobi da kimiyya da injiniya ba su zo ba sai ƙarshen shekarun 1930. Kafin lokacin kuwa an riga an wargaza ɗakunan Wellcome. A 1935 aka raba su: binciken cututtuka ya koma ɗakunan Stack ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, nazarin ƙwari ya koma sashen binciken noma, aka bar sunan Wellcome a kan ɗakin gwajin sinadarai kawai. Wato a lokacin da ɗalibin kimiyya na farko ya iso ginin, ɗakin binciken ya riga ya tashi.

Wani zai ce ai a 1903 babu yaron da ya isa a koya masa wannan ilmi, tunda firamare ake yi. Wannan hujja tana da ƙarfi a shekarun farko, na yarda. Amma ba ta isa ta rufe shekara 20 ba. An buɗe sashen sakandare tun 1905. Yaran da suka iya lissafin safiyo da hukunce-hukuncen gado, ba za su kasa koyon duban jini a madubin likita ba. Abin da ya hana shi ne tsarin Currie, wanda ya yanke wa ɗan ƙasa iyakar da zai tsaya. Bayan tarzomar 1924, lokacin da ƙungiyar Farar Tuta da ɗaliban makarantar soja suka yi bore, aka kuma kashe Gwamna Lee Stack a Alƙahira, sai gwamnati ta ƙara tsananta wa 'yan boko, ta karkata ga mulki ta hannun sarakuna da shugabannin ƙabilu, tana koyi da tsarin Lugga na ƙasarmu. A 1931 aka rage albashin farawa na waɗanda suka gama kwalejin, har ɗalibai suka yi yajin karatu. Gwamnatin da ke tsoron akawu ba za ta yi marmarin samar da masanin kimiyya ba.

Adalci ya sa in ƙara da cewa daga 1924 ma'aikatan ɗakunan Wellcome sun koyar a makarantar likitanci, kuma an horar da 'yan ƙasa aikin mataimakan ɗakin gwaji. Ta wannan 'yar ƙofa ce magada suka shigo. Tijjani al-Mahi, wanda ya gama a 1935, ya zama jagoran likitocin ƙwaƙwalwa a Sudan, sunansa ya zagaya Afirka. Mansur Ali Hasib ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ɗakunan Stack a 1952, wato shekara 49 bayan buɗe na Wellcome, daga baya kuma ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe Tsangayar Likitanci. Muhammad Hamad Satti ya gaje shi, ya yi suna a yaƙi da kala-azar a gabashin ƙasar. A 1951 aka haɗa kwalejin da makarantar likitanci suka zama Kwalejin Jami'a ta Hartum, a watan Yuli na 1956 kuma, bayan samun 'yancin kai, ta zama cikakkiyar jami'a. A ganina, a nan ne ya kamata tarihin kimiyya a wannan gini ya yi nauyi. Amma marubutan Turawa sukan ba Balfour babi-babi, su ba waɗannan mutane sakin layi ɗaya a ƙarshe, in ma sun ambace su.

Mutanenmu a Cikin Labarin

Shekarar 1903 da aka buɗe ɗakunan Wellcome ita ce shekarar da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris, aka kuma yi yaƙin Burmi a watan Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira da sunansa. Ban da su, ga dubban alhazai da suke ratsa Sudan a ƙasa, suna tsayawa su yi ƙwadago shekara da shekaru domin neman guziri. Da gonar Jazira ta buɗe, Hausawa da Fulani da Barebari suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyin noma da tsinkar auduga.

Yaya takardun likitocin Turawa suka kalle su? Mafi yawa a matsayin masu ɗauko cuta. Gaskiya ne annobar zazzaɓin ƙwarƙwata da ta taso daga Afirka ta Yamma a farkon shekarun 1920 ta ratsa ƙasarmu, ta isa Darfur a 1926, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Gaskiya ne kuma an riƙa tsare mutanen yamma ana gwada fitsarinsu saboda tsargiya kafin su shiga Jazira. Amma gwamnatin da ke tsare su ita ce ke bukatar guminsu, kuma ruwan da ke yaɗa cutar ita ta haƙa masa hanya. Wannan babi ne na tarihinmu da ke kwance a cikin fayilolin Sudan, wanda aka rubuta a kanmu ba da bakinmu ba.

Sa'annan ga abin da ya fito daga ginin ya zo mana. A 1909 aka tura Hanns Vischer, wanda muka sani da Ɗan Hausa, ya je ya dubo tsarin ilmi a Masar da Sudan da ƙasar Gana ta yau. Ya ga Kwalejin Gordon, ya dawo ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a wannan shekara, da ajin 'ya'yan sarakuna da na malamai da sashen sana'a. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, cikinsu har da Shaihu Bashir al-Rayyah, ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Alherin wannan makaranta ba ya ɓoyuwa, domin ta yaye alƙalai da malamai da suka riƙe Arewa. To amma a duba da kyau. Daga wannan gini na Hartum mun samu tsarin horar da akawu, mun samu fiƙihu da Larabci a tsarin aji da allo. Madubin likita bai biyo su ba. Katangar da aka gina tsakanin aji da ɗakin bincike a can, ita aka kwaikwayo aka kawo mana.

Abin da Yaƙi Ya Yi

Bayan 'yancin kai tsohon ginin ya zama mazaunin babban ɗakin karatu na jami'ar, hotonsa kuma ya zama alamarta. Daga harabar jami'ar ne juyin juya halin Oktoba na 1964 ya taso, wanda ya kawar da mulkin soja na Janar Abbud. Ginin da aka yi domin tunawa da Gordon ya koma na jikokin waɗanda suka yaƙe shi, kuma wannan shi ne mafi kyawun abin da ya faru gare shi.

A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Jami'ar tana tsakanin fadar shugaban ƙasa da hedikwatar soja, saboda haka ta faɗa tsakiyar wuta tun ranar farko, har ɗalibai suka maƙale a cikinta kwana da kwanaki. Bayan kwana 10 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa mayaƙa sun mamaye babban ɗakin gwaje-gwajen lafiya na ƙasa, magajin ɗakunan Stack, inda ake ajiye ƙwayoyin cutar ƙyanda da kwalara da shan inna. Gidan adana halittu na jami'ar, wanda ya tara samfuran dabbobi da tsuntsaye da ƙwari na shekaru masu yawa, ya salwanta. Da sojoji suka karɓe tsakiyar Hartum a watan Maris na 2025, an tarar da gine-ginen jami'ar sun sha wawaso da ɓarna.

Wannan ya ƙara wa sharhina nauyi ta wata fuska. Rahotannin Balfour suna nan lafiya a ɗakunan karatu na Landan, har an sa su a intanet, kowa na iya karantawa. Abin da ke cikin haɗari shi ne ɓangaren Sudanawa na labarin: rajistar ɗalibai, da littattafan aikin mataimakan ɗakin gwaji, da kundayen digiri, da samfuran da Hasib da Satti da almajiransu suka tara. Ruwayar da ta riga ta fi ƙarfi ita ce ke da ma'ajiya a waje, wadda aka danne kuwa ita ce wuta ke iya cinyewa.

Kammalawa

Hukuncina a kan ruwayar Turawa shi ne gaskiya ce wadda aka yanke mata rabi. Balfour da abokan aikinsa masana ne na ƙwarai, sun yi aiki tuƙuru, wasunsu sun ba da rayukansu, kuma Wellcome ya kashe dukiyarsa a inda wasu attajirai ba su waiwaya ba. Amma ginin ya yi shekara 30 da ɗoriya yana ɗauke da kimiyya ba tare da ya miƙa ta ga masu ƙasa ba, kuma wannan tsari ne aka shirya da gangan. Kimiyya ta kafu a Sudan ne ranar da ɗan Sudan ya zauna a kujerar darakta, ya kuma horar da wanda zai gaje shi.

Ga malaman makaranta, ina ba da shawarar idan za a koyar da tarihin kowace makaranta ko asibiti ko ma'aikata ta zamanin Turawa, a koya wa yara su yi tambaya a kan wanda ya rubuta takardar da ke hannunsu, da wanda aka rubuta dominsa, da waɗanda suka yi aikin amma ba a kira sunansu ba. Ga dattawa kuma, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna da tsofaffin ɗakunan bincike a Samaru da Vom da Kaduna, muna da tsofaffin kwalejoji a Katsina da Zariya da Kano. Akwai dattawan da suka yi aikin wanke kwalabe da kiwon dabbobin gwaji da tara irin shuka a waɗannan wurare, wasunsu suna raye. A je a ɗauki maganarsu, a rubuta sunayensu, a kwafi rajistoci a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai in an ɗauke ta tun mai ita yana da rai.